Yunwa Tana Kwana a Gidan Manomi

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce mutum kimanin miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a shekarar 2023. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane goma sha ɗaya a duniya, a Afirka kuwa ɗaya cikin biyar. A 2015 shugabannin duniya sun sa hannu kan alkawarin kawar da yunwa kafin 2030, yau ga wa'adin yana ƙaratowa, adadin masu yunwa kuma ya fi yadda yake a shekarar da aka yi alkawarin.

Abin da ya fi wannan adadi tsaya mini a rai shi ne su wane ne waɗannan mutane. Idan aka ce yunwa, da yawanmu muna tuno almajiri a bakin tasha, ko ɗan gudun hijira a sansani. Suna ciki, amma ba su ne mafi yawa ba. Rahoton Bankin Duniya na 2008 kan aikin gona ya nuna cewa uku cikin kowane matalauta huɗu a ƙasashe masu tasowa a karkara suke zaune, kuma mafi yawansu da noma suke rayuwa. Wanda ya noma hatsin shi ne yake kwana da yunwa. Duk wani shiri na yaƙi da talauci da bai tsaya ya fahimci yadda hakan ke faruwa ba, zai kashe kuɗi ya tashi bai taɓa inda ke ciwo ba.

Kowa a ƙasar Hausa ya san yadda abin yake, ko da bai taɓa riƙe fartanya ba. Manomi mai kadada ɗaya ko biyu ya girbe gero da dawa da ɗan wake. Kafin dami ya gama bushewa masu bin bashi sun iso: mai taki, mai kanti, wanda ya ba da rancen kuɗin magani lokacin da yaro ya kwanta da zazzaɓi a watan Agusta. Ga kuɗin makaranta, ga ɗiya da za a aurar bayan kaka. Ba shi da wata kadara sai hatsin nan, don haka ya ɗora a amalanke ya nufi kasuwa. Maƙwabcinsa ma haka, duk ƙauyukan da ke kewaye haka, a sati guda. Farashi ya faɗi warwas. Masu jari su saye su loda a manyan motoci, a kai Dawanau ko wata babbar kasuwa a jibge. Wata bakwai ko takwas bayan nan, damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau, shi wannan manomi ya dawo kasuwa da tiya a hannu yana sayen abin da ya sayar, a ninkin kuɗinsa ko fiye. Kuɗin ma ba shi da su, sai ya bar gonarsa a daidai lokacin da take bukatar noman farko, ya tafi ƙwadago gonar mai hali domin a samu abin ɗora tukunya. Kafin ya dawo ciyawa ta danne shukarsa. Amfanin bana ya ragu, bashin baɗi ya ƙaru. Wasu kuma su ci falle, a ba su dami ɗaya da damina su biya biyu da kaka.

Ba na cikin masu ɗora wa ɗan kasuwa laifin duka. Shi ma jarinsa ya zuba, ya yi haya, ya ɗauki kasada, wata shekarar ya faɗi. Cutar tana wurin da manomi ba shi da ƙarfin jira. Ba shi da ajiyar da ƙwari ba za su ci ba, ba shi da rancen da zai riƙe shi wata uku, ba shi da hanyar da za ta kai shi kasuwar da ta fi ta garinsu daraja. Abin da ya faru a Nijar a 2005 misali ne mai ɗaci. Fari da farin ɗango sun rage amfanin 2004, amma ba su share shi ba. Akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi a tsakiyar bala'in, kuɗin saye ne babu, ga dabbobi sun faɗi ƙasa warwas, makiyayi ya sayar da akuya bai samu abin da zai cika masa buhu ba. Yankin da ake kira rumbun ƙasa shi ne ya fi cika asibitoci da yara masu tamowa. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, ya daɗe da nuna irin wannan a nazarinsa kan yunwar Bengal ta 1943: mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci na nan a gari.

To ta yaya ƙasashen da suka fita daga wannan hali suka fita? A tsakiyar shekarun 1960 Indiya ta sha fari shekara biyu a jere, har ta kai tana rayuwa da alkamar agaji daga Amurka, kimanin tan miliyan goma a 1966 kaɗai. A wannan shekarar gwamnati ta sayo tan dubu goma sha takwas na irin gajeriyar alkama daga Meziko, wadda Norman Borlaug da abokan aikinsa suka samar. Alkamar da Indiya ke girba ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug lambar Nobel. Wannan ɓangaren labarin shi aka fi maimaitawa, kamar iri ne kaɗai ya yi aikin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun a 1965 Indiya ta kafa hukumar da ke yanke mafi ƙarancin farashin amfanin gona da kuma hukumar da ke saye ta adana. Manomin Punjab ya yarda ya ci bashi ya sayi taki ya haƙa rijiyar burtsatse ne saboda tun kafin ya shuka ya san kuɗin da ba za a saya ƙasa da shi ba. An biya wannan nasara da tsada, domin yau ruwan ƙarƙashin ƙasa na Punjab yana janyewa, ƙasar noma ta gaji da sinadari. Duk da haka Indiya ta daina jiran jirgin ruwan agaji.

A ƙasar Sin ba ma sabon iri ne ya fara kawo sauyi ba. A ƙarshen 1978 magidanta goma sha takwas a ƙauyen Xiaogang suka haɗu a ɓoye suka raba gonar gandun gwamnati a tsakaninsu, kowa ya noma rabonsa, ya ba hukuma kasonta, ya riƙe saura. Mutane ne da suka ga yunwar 1959 zuwa 1961 da idonsu, wadda ta kashe miliyoyi masu yawa. Da hukuma ta ga abin da suka girba sai ta bar tsarin ya bazu, ta kuma ɗaga farashin da take sayen hatsi. Daga tan miliyan 305 a 1978, hatsin ƙasar ya kai miliyan 407 a 1984. Biyetnam ta bi wannan hanya a 1988, shekara guda bayan nan ƙasar da ke ƙarancin shinkafa ta fitar da fiye da tan miliyan ɗaya zuwa waje. Gonakin nan duka ƙanana ne, da yawansu ba su kai girman gonar talakan Katsina ba. Abin da ya canza shi ne manomi ya tabbata amfanin guminsa nasa ne, gwamnati kuma ta tsaya masa a kan ruwa da hanya da bincike da farashi, ba shekara huɗu ba, shekaru talatin.

Mu kuwa a Nijeriya, da arzikin man fetur ya zo, sai muka ɗauko ɓangaren da ya fi ɗaukar ido. Aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, aka yi juyin noma na Shagari a 1980. Ban ce duka asara ba ne. Wanda ya bi ta Kura da Kadawa da rani ya ga shinkafa da tumatir da albasa ya san ruwan Tiga ya raya mutane. Amma a tambayi mutanen Haɗeja da Nguru abin da tare ruwan ya yi wa fadamunsu, da kamun kifinsu, da yadda ciyawar kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Aikin madatsar Bakolori kuma ya kamata a riƙa koyar da shi ga duk wanda zai riƙe ma'aikatar gona. An tare kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wani kamfanin Italiya ya yi aikin, aka tashi manoma daga gonakinsu, aka hana wasu shuka damina bayan damina ana daidaita ƙasa, diyya kuma ta zama abin da ta zama. Da suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Manoman da ke ƙasan madatsar su ma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama duk shekara. Aikin da aka ce don manomi aka yi shi, ba a taɓa zama da manomin an tambaye shi ba.

Daga wannan gefen sai aka yi tsalle zuwa wancan. A shekarun 1980, da bashi ya shaƙe ƙasashen Afirka, Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka ce gwamnati ta cire hannunta daga noma, kasuwa za ta gyara komai. Nijeriya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Gaskiya ne hukumomin nan sun daɗe suna tatsar manoman gyaɗa da auduga da koko, ba mai yi musu kuka. Sai dai an rushe ba a gina komai a gurbinsu ba. Shirye-shiryen bunƙasa noma da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, waɗanda suka yaɗa masara a arewa suka kuma sa malamin gona ya zama sananne a ƙauye da babur ɗinsa, suka bushe da kuɗin Bankin Duniya suka ƙare. Kason aikin gona a cikin tallafin da ƙasashe masu arziki ke bayarwa ya faɗo daga kashi 18 cikin ɗari a 1979 zuwa kashi uku da rabi a 2004. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi goma cikin ɗari na kasafinsu ga noma, suka sabunta shi a Malabo a 2014. Ƙasashen da suka cika shi ba su taka kara sun karya ba, kuma Nijeriya ba ta cikinsu.

Habasha ta gwada da gaske, abin da ya same ta kuma shi ne ya fi kusa da halin da muke ciki. Gwamnati ta rungumi tsarin ingantaccen iri da taki da ƙungiyar Sasakawa ta kawo, aka ba manoma bashi, aka samu damina mai kyau, masara ta yi albarka a farkon shekarun 2000. Babu ajiya, babu hanyar kai ta yankunan da ke bukata, babu mai saye. Farashi ya rushe har wasu suka ga ɗaukar masara zuwa kasuwa bai biya kuɗin jaki ba. Da damina ta zagayo manoma suka ƙi sayen taki, ga bashin bara a wuyansu, sai kuma fari ya zo a kai. A 2003 mutum fiye da miliyan goma sha uku suka dogara da abincin agaji. Yalwar da ba a yi mata tanadi ba ita ta share wa yunwa hanya. Malawi kuma daga 2005 ta raba wa ƙananan manoma takardun sayen taki da iri a farashi mai rahusa, duk da masu ba ta tallafi sun ƙi. Alƙaluman gwamnati sun nuna masara ta ninka cikin shekara guda. Amma da farashin taki ya hau a 2008 shirin ya cinye kusan kashi 16 cikin ɗari na kasafin ƙasar, ya rage abin da za a kashe kan bincike da hanyoyi da ban ruwa, 'yan siyasa kuma suka mai da takardun abin neman ƙuri'a. Mu da muka san yadda takin gwamnati ke isowa bayan masara ta fitar da kai, ko ya ɓulla a kasuwa a hannun na kusa da mai mulki, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Babbar nasarar noma da yankin Sahel ya gani a shekaru arba'in ɗin nan ba ta fito daga madatsar ruwa ko tarakta ba, kuma a ƙasar Hausa ta faru. A farkon shekarun 1980 yankin Maraɗi ya zama fili fetal. Iska na binne shuka da rairayi, mata na tafiyar sa'o'i neman itacen girki, ayyukan dashen itatuwa na cin kuɗi dashen na mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin raya karkara a yankin, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sassabe ba ciyayi ba ne. Tohon kututturen itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin ba shi da wuya. Manomi ya je gindin kututture, ya duba tohon da ya fito, ya zaɓi guda biyu zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, ya rage rassan ƙasa, ya ɗaura tsumma don a san da mai shi. Tunda saiwar ta riga ta yi zurfi, cikin shekara uku ko huɗu abin ya zama itace. Mutanen yankin suka sa masa suna sassabin zamani.

Da farko an yi wa masu yi dariya, domin a al'ada gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Akwai kuma abin da ya fi dariya ƙarfi. Tun zamanin Faransa doka ta ce itace na hukuma ne, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro, ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wane ne zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta wannan riƙo, manomi ya ga cewa itacen da ya rena nasa ne, ya sare reshe ya sayar, ya ba dabba ganye, sannan abin ya kama kamar wutar daji, daga gona zuwa gona, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta kadada miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan ɗari biyu, da ƙarin hatsi kimanin tan dubu ɗari biyar a shekara. Gawo ne sarkin wannan aiki, domin yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana ba, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani su bar kashinsu a gindinsa. Kakanninmu sun san wannan sarai, doka da fatara ne suka raba jikokinsu da shi. A Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, manomin da bai yi boko ba, ya farfaɗo da tsohuwar dabarar haƙa ramuka a fako ana zuba taki a ciki domin su tare ruwa, irin wadda ake kira tassa a Nijar. A 2018 aka ba shi da Rinaudo babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin.

Haka labarin buhun wake yake. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a noman wake a duniya, kuma kowace uwar gida ta san abin da ƙwari ke yi wa wake cikin wata biyu. Wannan tsoro ne ke sa manomi ya sayar nan take, ɗan kasuwa kuma ya yi ta zuba fiya-fiya a cikin abin da mutane za su ci, har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar da Nijeriya, suka fito da buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sosai, a zuba, a matse iska, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, a ɗaure na waje. Iska ta ƙare, ƙwarin su mutu, ba ɗigon magani. Mace mai buhu biyu a ɗaka za ta iya jira har farashi ya tashi. Idan aka haɗa wannan da tsarin jinginar da hatsi da ƙungiyoyin manoma a Nijar suka fara tun ƙarshen shekarun 1990, inda ake zuba hatsi a ma'ajiya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da rance, a karɓi bashi a biya bukatun kaka, a buɗe da bazara a sayar da daraja, to an taɓa ainihin ciwon da na bayyana a sama.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce itace da leda ba za su ciyar da Nijeriya mai mutum fiye da miliyan ɗari biyu ba, gonaki suna ƙara tsukewa da rabon gado, matasa ba sa son fartanya, abin da ake bukata shi ne manyan gonaki da injuna. Na yarda gawo ba zai maye gurbin takin zamani ba. Ƙasarmu ta gaji, tana bukatar duka biyun, kuma taki ya fi aiki a gonar da ke da ganye da kashin dabba. A taron Abuja na 2006 an yi alkawarin ɗaga takin da manomin Afirka ke zubawa daga kilo takwas a kadada zuwa kilo hamsin kafin 2015, har yau ba a kai rabin hanya sosai ba. Ana bukatar ingantaccen iri irin wanda cibiyar bincike ta Samaru ke fitarwa, mai jure wuta-wuta da fari, kamar waken nan mai jure tsutsa da aka saki a 2019. Ana bukatar injin huɗa na haya, da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, musamman tun da cire tallafin fetur a 2023 ya sa ban ruwan rani ya gagari masu ƙaramin ƙarfi. Inda na rabu da su shi ne wurin wanda za a ba. Babbar gona mai injuna tana iya cika sito, amma mutum nawa take ɗauka aiki? Idan ka ba mutum ɗaya kadada dubu goma ka tashi gidaje dubu biyar, hatsi na iya ƙaruwa yunwa ma ta ƙaru, domin waɗanda ka tasa ba su da kuɗin sayensa. Idan kuwa gidaje dubu biyar ɗin nan kowanne ya ƙara buhu biyar, kuɗin a garin za su zagaya: a wurin maƙeri, da tela, da mai gyaran babur, da matar da ke turara shinkafa ko soya ƙuli-ƙuli. Wannan ne dalilin da ya sa rahoton Bankin Duniya ya gano cewa bunƙasar da ta fito daga noma tana rage talauci aƙalla ninki biyu na wadda ta fito daga wasu sassa. Masana'antun ƙasar Sin ma a kan wadatar ƙauye aka fara gina su, 'ya'yan manoman da suka ƙoshi suka yi karatu su ne suka tafi birni da ƙafarsu, ba korarsu aka yi ba.

Duk wannan magana tana tsayawa ne idan manomi zai iya zuwa gona ya dawo. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato akwai garuruwan da sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. A watan Nuwamban 2020 an yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakinsu a Borno, mutum arba'in da uku aka yi wa jana'iza a rana guda. Wanda ba shi da tabbacin kaiwa kaka ba zai rena itacen da sai bayan shekara huɗu zai amfane shi ba. Tsaron ƙauye shi ne kashi na farko na kasafin noma, ko da a wata ma'aikata aka rubuta shi.

Ƙasashe masu arziki ma suna da nasu alhakin, kuma ya wuce na buhunan agaji. Suna ba manomansu tallafi mai yawa, su kuma hana matalauta yin haka. A 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai kuka taron cinikayya na duniya kan yadda tallafin audugar Amurka ke karya musu manoma. Haiti ta rage harajin shigo da shinkafa zuwa kashi uku cikin ɗari a 1995 bisa matsin lamba, shinkafar Amurka ta cika kasuwa, manoman ƙasar suka watse zuwa unguwannin talakawa na birni, har Bill Clinton da kansa ya fito a 2010 ya amsa cewa kuskure ne. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi, ayyukan noma da na ciyar da yara da dama suka tsaya cak, har a arewa maso gabashin Nijeriya. Na ji zafin wannan, domin yara ne ke biyan kuɗinsa. Amma ya kamata ya farkar da mu cewa binciken iri da albashin malamin gona ba abin da za a jingina da zaɓen wata ƙasa ba ne.

Gwajin da ke gabanmu yanzu na farashi ne. A 2024, da tsadar abinci ta kai mutane bango, gwamnatin Nijeriya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mutanen birni sun samu sauƙi, kuma suna da haƙƙin samun sa, ba wanda zai ga magidanci ya kasa sayen mudu ya ce a bar shi haka. Sai dai hatsi ya sauko, taki da maganin feshi da kuɗin huɗa ba su sauko ba. Manomin da ya sayi taki da tsada ya girbe masarar da ba ta mayar masa da jarinsa ba, a damina mai zuwa zai rage gona, ko ya shuka ba taki, ko ya koma abin da ba ya bukatarsa. Hanyar da Habasha ta bi ke nan zuwa 2003. Abin da ya kamata shi ne gwamnatin tarayya da ta jihohi su sanar da mafi ƙarancin farashin masara da gero da dawa da shinkafa tun kafin ruwan farko, su fito da kuɗi a hannu su saya a kasuwannin ƙauye da kaka, su cika rumbunan da aka gina aka bari fanko, su fitar a watan Yuli da Agusta lokacin da tiya ta gagari talaka. A ba ƙungiyoyin manoma, har da na mata, ma'ajiya da rancen jingina. A ɗauki malaman gona a ba su abin hawa. A rubuta a doka, a kuma sanar a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci, cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne.